Mariƙin Ciki

A Porto, a gangaren da ke kallon kogin Douro,
shekara shida na yi ina share wa Anselmo Varela garin katako.
Sana'arsa koya wa bango ƙarya:
kantar littattafai mai juyawa a kan dunduniya,
madubin da ɗaki guda ke kwana a bayansa.

Dona Graciete ta zo da buƙata ƙarama:
taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance,
inda wasiƙun mijinta na teku za su huta,
ita ma ta huta da jikoki bakwai masu ganga a ƙafa.

Mako uku muka yi.
Ka ja koren littafi a layi na uku,
igiya ta ɗaga sakata, kanta ta ba ka hanya
shiru, kamar wucewar kyanwa.
Maigida ya shafa gemu: ko ɓera sai ya yi tambaya.

Ran Asabar ya koma shi kaɗai,
wai noti ɗaya bai kwanta masa a rai ba.
Mai gidan ta tafi Braga wajen ƙanwarta.
Ya rataye kwat a kujera, waya na cikin aljihu,
ya shiga da tocila a baki.
Iskar kogi ta faɗo ta taga ba sallama,
ta tura kanta da yatsa ɗaya.
Ƙyas.

Ya lalubi bangon da shi ya goge,
sumul, babu ko kan ƙusa.
Duk gwanintar ya bar ta a waje.
Gwanin ruwa, ai shi ruwa kan ci.

Da fari, in ji shi, dariya ya yi.
Sai ya koma ƙirga ƙararrawar coci,
sha ɗaya, sha biyu, ɗaya, biyu,
numfashinsa na dawo masa da ɗumi,
tocila ta yi ja, ta cika.
Ya yi ihu, littattafai ɗari uku suka haɗiye,
shi da kansa ya jera su don su haɗiye.

Da magariba matarsa ta kira ni:
miyar kabeji ta huce, mutum bai dawo ba.
Na karɓi mabuɗi wurin mai gasa burodi na ƙasa,
na haye bene bibbiyu.
Ga kwat, babu mai kwat.
Can ƙasa-ƙasa, ƙwas, ƙwas, zoben aure a jikin katako.
Ni na ɗaura wa koren littafin igiya,
in ba haka ba, da wa zai ja?

Ya fito fuska kamar tokar murhu.
Bai ce na gode ba. Ya ce: miƙo guduma.

Tun daga ranar, mariƙin ciki yake fara kafawa
tun ƙofa ba ta da fuska,
ƙasa-ƙasa, inda hannun yaro zai kai,
a shafa masa fenti mai haske a duhu.
Ya huda kafar iska biyu, sama da ƙasa.
In ka ce makullin maganaɗisu kake so,
sai wanda zai saki in wuta ta ɗauke.
In ka ce kada kowa ya sani,
sai ya naɗe awonsa:
sirrin da mutum ɗaya ya riƙe kabari ne, in ji shi,
nemo na biyu, ko da suruki ne.

Kafin ya karɓi kuɗi, sai mai gida ya shiga,
a kashe fitila, ya fito da kansa sau goma.
Dona Graciete ta yi sha biyu, don daɗi.
Yanzu akwai ƙaramar ƙararrawa kusa da wasiƙun,
igiyarta na sauka har gidan burodi.

Shi kuwa har yau da weji a aljihunsa,
ɗan guntun itacen goro, ya yi baƙi don shafa.
Ko ɗakin likita ya shiga,
sai ya duƙa, ya cusa shi a gindin ƙofa,
sannan ya ce ina kwana.